Asirin wa za a rufa?

Ina zaune ina duba takardun gwajin 'yan aji huɗu, wata Laraba bayan la'asar, matar Yayana ta kira ni. Ko gaisuwata ba ta amsa ba. Cewa kawai ta yi, "Malama, ki zo yanzu, kuma kada ki biya ta kasuwa wajen yayanki." Na ajiye jan biro na fito, sai a cikin napep na lura silifas ɗin banɗaki ne a ƙafata.

Ba zan ambaci garinmu ba, ba zan ambaci makarantar ba. Yarinyar kuma, 'yar Yayana, zan kira ta Auta, duk da ba ita ce autar gidan ba. Shekararta 13 a lokacin, tana aji biyu na ƙaramar sakandare a wata makarantar kuɗi, irin waɗanda ake kama gidan haya a shafa masa fenti a laƙaba masa dogon suna da Turanci. Farkon 2021 ne, ba a jima da komawa aji ba bayan zaman gidan korona, kowane uba hankalinsa a tashe kan karatun da ya wuce yara. Shi ya sa da malamin lissafi ya ce zai riƙa tsayar da wasu ɗalibai bayan an tashi ya yi musu lesin kyauta, Yaya da ƙafarsa ya taka har makarantar, ya yi masa godiya, ya bar masa na goro.

Kwana biyu Auta na cewa cikinta na ciwo, ba za ta makaranta ba. Uwar ta ɗauka lalaci ne, ta ɗauko muciya, a nan yarinyar ta fashe da kuka ta faɗa cewa malamin nan ya yi mata fyaɗe. Na same ta a lungun gado, kanta cikin gwiwa. Ban tambaye ta yadda aka yi ba. Na ce, "Auta, yaushe ne na ƙarshe?" Ta ce, "Shekaranjiya, Goggo." Wannan "na ƙarshe" subutar baki ce daga gare ni, amma ba ta gyara min ba. A nan na gane ba sau ɗaya ba ne.

An taɓa tura mu wata bita ta kwana biyu, wadda gaskiya kuɗin zama ne ya kai yawancinmu. Abu guda ya zauna min a kai daga cikinta: awa 72. Maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau bayan irin wannan, sai an fara shan sa cikin kwana uku yake aiki. Na ƙirga daga azahar ɗin Litinin, na ga zuwa azahar ɗin gobe ƙofa ta rufe. Matar Yaya ta riga ta ɗora ruwan zafi da bagaruwa, wai a gasa ta. Na ce ta sauke. Auta ta yi wanka tun ranar, wannan ya wuce, amma yunifom ɗin Litinin yana nan ta dunƙule shi a ƙarƙashin katifa don kada uwar ta gani. Na zuba shi a babbar ambulan ta takardun makarantarmu. Daga baya nas ta ce na kyauta da ban sa a leda ba, domin danshi na ɓata abin da ake nema.

Yaya ya dawo bayan isha. Ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya shiga ɗaki ya fito da adda. Na tare ƙofar zaure. Na ce, "Yaya, in ka sare shi, kai za a ɗaure, shi kuma ya koma wanda aka zalunta. Gobe wa zai raka Auta asibiti?" Ya daɗe a tsaye. Tun rasuwar Baba ban ga hawayen Yaya ba sai daren nan.

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya. Akwai cibiyoyi na musamman da aka ware don irin wannan a cikin manyan asibitocin gwamnati, mutane ne ba su san da su ba. Ta farko a Najeriya, Mirabel, a Legas aka buɗe ta a 2013. A nan Arewa, Kaduna na da Salama a Kakuri da Tudun Wada da Zariya da Kafanchan, Kano na da Waraka a asibitin Murtala, Sakkwato na da ta Nana Khadija. Irin wannan muka je. Ba su nemi ko sisi ba, ba su ce sai mun kawo takardar 'yan sanda ba. Likitar mace ce, kuma duk abin da za ta yi sai ta tambayi Auta ko ta yarda. Aka ɗebi jini, aka ba ta maganin kariya na kwana 28, da ƙwayar hana ɗaukar ciki, aka rubuta rahoto. Wata ma'aikaciya mai ba da shawara ta ja ta gefe, ina jiyo ta tana cewa, "'Yata, ba laifinki ba ne." Kunya ta kama ni. Tun jiya muke kuka da salati a gidan, babu ɗayanmu da ya tuna ya gaya mata haka.

Su ne suka haɗa mu da wata lauya daga ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Abin da Barista ta fara ce min shi ne in sayi littafi. "Malama, duk ofishin da kuka shiga ki rubuta rana, da sunan wanda kuka gani, da abin da ya ce, da abin da kuka kashe. Duk takardar da za ki miƙa, ki yi mata hoto biyu tukuna." Na sayi littafi mai shafi tamanin a bakin asibitin, ina ganin ya yi yawa.

A ofishin 'yan sanda, Auta ta sake ba da labarin karo na uku cikin yini guda. Da farko a teburin karɓar ƙara aka fara tambayarta, ga masu ƙarar satar waya, ga mai rigimar kuɗin adashi, kowa ya miƙo kunne, sai da wata 'yar sanda ta tsawata ta shige da ita ciki. Kuɗin fayil, kuɗin man mota, kuɗin hoton takardu, duk suna cikin littafina, ba kuwa rasit ko ɗaya. A ranar aka ɗauko malamin daga makaranta. Bayan kwana kaɗan aka mayar da maganar sashen binciken manyan laifuka, wanda kowa ya fi sani da CID, domin fyaɗe ba laifin da ake kashewa a ofishin unguwa ba ne. Can ma Auta ta sake faɗa daga farko.

Ni da na ɗauka kotu ce za ta ba mu wuya. Ashe zauren gidan Yaya ne.

Daren Juma'a suka zo, su shida: mai makarantar, da baffan malamin, da wakilin mai unguwa, da wasu dattawa biyu, da Kawunmu, wanda shi ya fi yi min ciwo. Mace ba ta zama a irin wannan, don haka a bayan ƙyaure na tsaya. Mai makarantar ya ce zai mayar da duk kuɗin makarantar da aka taɓa biya, Auta ta yi karatu kyauta har ta gama, malamin kuma a sallame shi cikin ruwan sanyi. Baffan ya ce yaron nan matashi ne, sharrin Shaiɗan ne, matarsa ga tsohon ciki. Wani ya tambaya ina shaidu huɗu. Wani har cewa ya yi in ta ƙara girma ai sai a ɗaura musu aure, magana ta mutu. Sai Kawu ya yi gyaran murya ya ce, "Abin da ya faru ya riga ya faru, bakin alƙalami ya bushe. Ka dubi yarinyar nan. In gari ya ɗauka, wa zai aure ta? Wa zai auri ƙannenta? A rufa asiri, a bar wa Allah."

Yaya ya ce a ba shi kwana uku. Na san ya fara sanyi, kuma ban ga laifinsa ba. Ɗan tireda ne, jarinsa bai kai ya kawo ba, kuma maganar aure ba ƙarya Kawu ya yi ba, haka mutanenmu suke. Tun kafin kwana ukun su cika wata maƙwabciya ta faɗa a gidan suna, a gaban matar Yaya, wai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yarinya 'yar shekara 13 ce daddawar.

Abu biyu suka tsayar da Yaya. Na farko limamin masallacinsu, dattijo marar hayaniya, wanda ya ce masa rufin asirin da addini ya yi umarni da shi na wanda ya saɓa tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba na wanda ya cuci ɗan wani kuma yake da hanyar sake cutar wani ba. Na biyu wata mata ce da ban taɓa gani ba. Ta same ni a makarantarmu lokacin tara, da niƙabi, ta ce daga wata unguwa take. Shekara biyu baya malamin nan yana koyarwa a makarantar 'yarta. Abin da ya yi wa Auta ya yi wa tata. An yi zama irin namu, an ba su kuɗi, an sallame shi, har da takardar shaidar kyawun hali don ya samu aiki a gaba. Gaban nan kuwa mu ne. Na roƙe ta ta zo kotu, ta ce mijinta zai sake ta, kuma an sa wa yarinyar rana. Ban matsa mata ba. Da na gaya wa Yaya, sai ya ce, "Wato asirin da suka rufa, a kan 'yata ya buɗe." Washegari ya aika wa mai makarantar cewa ya gode, ba ya so.

An fara kai shi kotun majistare da takardar ƙarar farko ta 'yan sanda, wadda suke kira FIR. Na shirya jin shari'a, ko minti goma ba a yi ba aka tashi. Barista ta fahimtar da ni cewa majistare ba ta da hurumin sauraren fyaɗe. Iyakarta ta aika shi gidan gyaran hali ajiya, a tura fayil ma'aikatar shari'a, lauyoyin gwamnati su duba ko akwai hujjar gurfanar da shi a babbar kotu. Wannan shawarar ita ce ramin da ƙararraki da yawa ke faɗawa su mutu, domin iyaye sun gaji, ko an sasanta a bayan fage, ko babu mai bibiya. Muna cikin jira ma'aikatan kotuna na ƙasa baki ɗaya suka tafi yajin aiki a watan Afrilun 2021 kan 'yancin kuɗin ɓangaren shari'a, aka garƙame ƙofofi har tsakiyar Yuni. Da aka buɗe, aka nemi rahoton likita a fayil ɗinmu aka rasa. Ko ɓata ya yi ko ɓatar da shi aka yi, Allah masani. Na buɗe jaka na ɗauko hotonsa, cibiyar kuma ta ba da wani mai hatimi. Wata bakwai muka yi kafin shawarar ta fito.

A tsakanin nan ya samu beli. Ranar da Auta ta hango shi a bakin kasuwa yana cinikin lemo, ta kwana tana amai. Na ɗauko ta ta dawo gidana, muka sa ta a wata makaranta a ɗaya gefen gari. Tsohuwar makarantar ta riƙe takardunta, wai akwai bashin zango ɗaya, sai da Barista ta rubuta musu wasiƙa. Na kuma bincika a hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda aka kafa tun 1993 kuma take da ikon soke lasisin malami. Ba shi da rajista sam. Babu lasisin da za a soke, mai makarantar bai taɓa tambayarsa ba.

Yaya kullum maganarsa ɗaya: ina ma a Kaduna ne. A watan Satumban 2020 gwamna Nasir El-Rufai ya sa hannu a dokar da ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14 fyaɗe, watanni kaɗan bayan gwamnonin ƙasar nan sun ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe a watan Yuni. Barista takan yi murmushi ta ce, "Alhaji, ko a dokar Penal Code da za a tuhume shi da ita, hukuncin na iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Ba kaifin doka muka rasa ba. A kai ƙarar gaban alƙali da shaidunta a raye, nan ne aikin." Ta nuna min sashe na 282, inda aka ce yarinyar da ba ta kai 14 ba, da yardarta da rashin yardarta duk ɗaya ne. Don haka sai mun tabbatar da shekarunta. Allah ya taimake mu matar Yaya mai adana ce: takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya da katin rigakafi suna nan a ƙasan adaka.

A babbar kotu ya ce bai aikata ba. Bayanin da ya sa wa hannu a wajen 'yan sanda kuma ya ce dukansa aka yi. Wannan kaɗai ya jawo abin da lauyoyi ke kira shari'a cikin shari'a, zama huɗu ana bincikar ko da son ransa ya yi bayanin. Yau lauyansa ba shi da lafiya, gobe ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki, jibi Mai Shari'a na taro, ga dogon hutun kotu na damina. Likitar da ta duba Auta ta bar aiki, wata ce daga cibiyar ta zo da kundin. Yunifom ɗin da na yi ta tattali kuwa an karɓe shi a matsayin shaida, amma ba a taɓa kai shi gwajin ƙwayar halitta ba, yana can ɗakin ajiya cikin ambulan ɗina. Wanda ban zata ba shi ya tsaya mana: maigadin makarantar, tsoho mai tallan alawa a bakin ƙofa. Ya rantse ya ce sau da dama yaran lesin sukan fita a bar ita kaɗai, kuma ya taɓa gaya wa mai makarantar aka ce ya kama bakinsa. Wannan shaida ta ci aikinsa.

Dokar shaida ta 2011 ta ce yaron da bai kai 14 ba ba a rantsar da shi, kuma ba a ɗaure mutum da maganarsa kaɗai sai wata hujja ta ƙarfafa ta. Kafin layi ya zo kan Auta ta haura 14, aka rantsar da ita kamar kowane babba. Wannan ne kaɗai alherin da jinkiri ya yi mana. Mai Shari'a ya sa aka fitar da 'yan kallo. Ni na riga na ba da tawa shaidar, shi ya sa aka bar ni na zauna. Shi kuma yana cikin akwatin tuhuma, tsakaninsa da ita bai fi taku biyar ba. Lauyansa ya yi ta juya ta: me ya sa ba ki yi ihu ba, wane launin riga ya sa, ƙarfe nawa daidai, ba kina da saurayi a layinku ba? Mai Shari'a ya hana wannan ta ƙarshen. Sai ya ce, "In gaskiya ne, me ya mayar da ke lesin bayan na farko?" Auta ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba. Can ta ce, "Ya ce zai kayar da ni. Kuma ya ce Abba ba zai yarda da ni ba, tunda shi da kansa ya kawo masa goro." Yaya yana waje a kan benci. Ban gaya masa wannan ba sai da aka gama komai.

Muna tsakiyar wannan jeka-ka-dawo ne aka yi abin Hanifa Abubakar a Kano, 'yar shekara 5 da mai makarantarsu, Abdulmalik Tanko, ya sace ya kashe. A watan Janairun 2022 aka gano gawarta, a watan Yulin shekarar aka yanke masa hukuncin kisa. Na yi kuka don Hanifa kamar kowa. Amma ranar da na ji hukuncin a rediyo na buɗe littafina na ƙirga, zamanmu goma sha ɗaya, ba mu ma rufe shaidu ba. Ashe kotu na iya sauri in duniya ta zuba mata ido. Mu kuwa ba ma son idon duniya, saboda Auta.

Farkon 2023 ga wahalar takardun kuɗi, akwai ranar da na yi tafiyar awa guda a ƙasa zuwa kotu don babu tsabar da zan ba mai napep, na tarar an ɗage. Bayan zaɓe kuma aka ɗebi alƙalai zuwa kotunan ƙararrakin zaɓe, namu na ciki. Kawu ya daina gaisawa da ni. Wasu iyaye a makarantarmu suka fara cewa Malama mai kai malamai kotu, kamar wani abin gori.

A zama na ashirin da uku aka yanke hukunci. Mai Shari'a ya yi sama da awa ɗaya yana karatu da Turanci, tafinta na binsa a baya. Ya ce shaidar yarinyar ba ta girgiza ba, rahoton likita da maganar maigadi sun ƙarfafa ta. Shekara 14. Matarsa ta yanke jiki ta faɗi a baranda, goye da yaron da aka ce mana tana da cikinsa a zaure, ya yi wayo har yana tafiya. Ba zan ce ban ji tausayinta ba. Mai makarantar ko sau ɗaya ba a kira shi ya amsa komai ba, makarantarsa na nan, har ya ƙara bene. Barista ta rubuta a sa sunan malamin a rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa, wadda hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ke riƙe da ita tun Nuwamban 2019, ko da wani mai makaranta zai yi tunanin dubawa kafin ya ɗauki ma'aikaci.

Auta ba ta je ba, tana da jarrabawa ranar. Na same ta a tsakar gida tana wanke safa. Na gaya mata shekarun, ba ta ɗago ba. Sai da ta matse ta shanya sannan ta ce, "Goggo, alƙalin ya ce gaskiya na faɗa?" Na ce ya faɗa, a gaban kowa, kuma yana rubuce. Ta ce in samo mata takardar. Na biya kuɗin kwafin hukuncin, shafi talatin da wani abu, yana cikin akwatinta ƙarƙashin kayan sallah.

Bayan wata biyu Barista ta kira ta ce ya ɗaukaka ƙara. Littafina saura shafi uku. Na aiki yaro kanti ya sayo min wani.